Bes mai nauyi a hedifon: inda yake fitowa da yadda ake zaɓensa

Cinikin hedifon a yawancin shaguna ba ya wuce minti ɗaya. Mai shago ya haɗa da wayarsa, ya ƙure ƙara, ya saki waƙa mai duka, ya dubi mai saye ya ce, "Ka ji bes kuwa?" Shi kuma ya ji kansa yana rawa, ya gyaɗa, ya ƙirga kuɗi. Sai an kwana biyu, yana zaune a ɗaki babu hayaniya, zai lura baitin mawaƙi ba ya fita sosai, ganga da jita sun cakuɗe sun koma gurnani guda, kuma kafin rabin awa kunnensa ya yi nauyi. Bes kam akwai shi, har ya yi yawa. An dai tara shi ne a inda bai dace ba.

Sauti kaɗawar iska ce, ana kuma ƙirga ta da Hz, wato sau nawa iskar ta kaɗa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Abin da ake kira bes shi ne ƙasan wannan tsani, daga 20 zuwa wajen 250, kuma shi kansa hawa-hawa ne. Daga 20 zuwa 60 shi ne can ƙasa, rugugi irin na tsawa daga nesa. Nan igiyar da ta fi kauri a jitar bes mai igiya huɗu take, Hz 41, nan ne kuma doguwar gangar nan ta 808 take sauka, wadda ta samo suna daga injin kiɗa na Roland TR-808 da ya fito a 1980. Daga 60 zuwa wajen 120 nan naushin ganga yake, bugun da ke sa mutum gyaɗa kai. Daga 120 zuwa 250 kuwa kauri ne da ɗumi: kaɗan daga cikinsa yana ba murya jiki, idan ya yi yawa sai ka ji kamar mawaƙin ya tura kansa cikin randa yana rerawa.

Wannan hawa na uku shi ne ya fi sauƙin kumburawa, shi ne kuma ya fi fita a cikin hayaniyar kasuwa, don haka kaya masu araha da shi suke cika kunne. Illarsa tana da dalili a halittar kunne. Sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana danne wanda ke samansa, fiye da yadda siriri ke iya danne na ƙasansa. Tushen muryar namiji yana tsakanin Hz 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, wato daidai unguwar da aka kumbura. Ga mai sauraron waƙar Hausa wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin magana ce jigon waƙar. Kalangu ma magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata, amo ya hau ya sauka yana bin karin harshe. Hedifon mai kumburarren bes zai ba ka dukan kalangun, ya cinye abin da kalangun ke faɗa. Mai kyau shi ne wanda zai sauka ƙasa ya ɗauko nauyin tambari ko gangar amapiano, ya bar wa murya filinta.

Akwai wani abu kuma da ke yaudarar mai gwaji a shago. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane sauti daidai wa daida. Sautin Hz 1,000 ana jin sa ko yana ƙasa-ƙasa sosai, amma na Hz 20 sai ya haura desibel 70 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) kafin a fara jin alamarsa. Idan aka ƙara ƙarar waƙa, wannan tazara tana raguwa, bes ya fito. Shi ya sa kusan kowane iyafis yake da bes idan an ƙure shi. Gwaji na gaskiya a matsakaiciyar ƙara ake yin sa, irin wadda za ka iya zama da ita awa biyu.

Yanzu ga babban al'amarin, wanda ya fi sunan kamfani da farashi tasiri: toshewa. Tsawon igiyar sauti ɗaya ta Hz 40 a iska ya haura mita 8. Kafin lasifika ta cika ɗaki da irin wannan, sai ta tura iska mai yawa, dalilin da ya sa akwatunan masu kiɗan biki suke da girma ke nan. To yaya ɗan faifai mai faɗin milimita 10 da ke cikin iyafis yake fitar da sautin? Zurfin ramin kunne wajen santimita biyu da rabi ne kawai. Idan roba ta toshe bakinsa ruf, iskar da ke ciki ba ta da wajen gudu, sai faifan ya riƙa matsa ta yana saki kamar famfon keke da aka danne bakinsa da yatsa, matsin ya tafi kai tsaye kan dodon kunne. Da zarar an sami 'yar kafa, ko da ido ba ya ganin ta, matsin ya zurare, kuma bes na can ƙasa shi ne farkon tafiya. Asarar tana iya kai desibel 10 ko fiye, ga kunne kuwa desibel 10 kusan rabin ƙarfi ne.

Saboda haka iyafis da yawa da aka yanke wa hukuncin rashin bes, robarsu ce ba ta dace da kunnen mai su ba. A kwali ana sako robobi girma uku, ƙarami da matsakaici da babba, amma mutane da yawa da na jikin suke tafiya har ya mutu. A gwada duka ukun. A kama saman kunne da ɗaya hannun a ja shi sama da baya kaɗan don ramin ya miƙe, a tura robar, a ɗan murɗa, sannan a saki. Alamar ta zauna ita ce hayaniyar waje ta ragu nan take, muryarka kuma ta riƙa yi maka kauri a cikin kai. Ba dole ne kunnuwa biyu su zama girma ɗaya ba. Mutum yana iya sa matsakaiciya a dama, babba a hagu. Wanda robar silikon ke zame masa saboda gumi ya nemi ta soso, wadda ake murzawa ta ƙanƙance, a sa a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 ta kumbura ta cika ramin. Tana toshewa sosai, sai dai takan rage tsinin sauti kaɗan, kuma bayan 'yan watanni sai an sauya.

Babban hedifon mai rufe kunne duka shi ma dokar ɗaya ce, sai dai a nan katifar ce take manne wa fatar kai. Ƙafar tabarau mai kauri tana buɗe kafa. Haka bakin hula idan ya shiga ƙarƙashin katifar, haka ɗankwali ko hijabi, haka kitso mai tudu a gefen kunne. Gwajin mai sauƙi ne: ana cikin sauraro a sa tafin hannu a danna kofunan biyu a hankali. Idan bes ya yi tsalle ya ƙaru, to da ma yana yoyo. Mai tabarau ya ɗaga ƙafafun su hau saman katifar, ko ya nemi katifa mai taushi da kauri wadda za ta haɗiye su. Wadda ke sauraro da hijabi ko mayafi, iyafis mai shiga kunne zai fi ba ta bes fiye da babban hedifon da aka ɗora a kan yadi, komai tsadarsa. Irin katifar ma da bambanci: ta leda mai kama da fata ta fi riƙe bes amma tana tara gumi a watannin zafi, ta yadi mai laushi ta fi shan iska amma tana sakin wani abu daga ciki.

Daga nan za a gane nau'o'in da bai kamata mai neman bes ya ɓata kuɗinsa a kansu ba. Iyafis marar roba, mai zama a bakin kunne kawai, ba ya toshewa, don haka ba ya kai wa can ƙasa. Wanda ke tura sauti ta ƙashin gefen fuska ya fi shi rauni a wannan fanni. Hedifon mai buɗaɗɗen baya, irin Sennheiser HD 600, masana sauti suna yabon yadda yake fitar da murya, amma bes ɗinsa yana fara sauka daga ƙasa da Hz 100, ga shi na kusa da kai yana jin abin da kake ji. Abin nema shi ne mai rufaffen baya ko mai shiga cikin kunne.

Rubutun bayan kwali ba ya taimako sosai. "20Hz–20kHz" kusan kowa yana rubutawa, kuma ba ya nufin komai muddin ba a faɗi ƙarfin da kayan ke fitar da Hz 20 ɗin ba. Yana iya kasancewa can ƙasa da yadda kunne zai ji. Girman faifai ma haka. Na milimita 50 ba lallai ya fi na 40 ba, domin taurin faifan da ƙarfin maganaɗisu da yadda aka tsara kofin da ramukan iskarsa su ke yanke hukunci. A iyafis, a duba ko akwai faifai mai motsi, wanda ake rubutawa DD, domin shi aka fi sani da bes mai jiki. Abin da ya fi amfani shi ne zanen awon sauti, wanda shafuka irin su RTINGS suke wallafawa. A dubi hagun zanen. Layin da ya ɗaga daga 20 zuwa 80 sannan ya gangaro ya daidaita kafin 200, wannan bes ne mai zurfi da tsabta. Layin da ya yi tozo a tsakanin 100 da 250 sannan ya faɗi a ƙasa da 50, wannan shi ne randar da aka ambata.

Nawa ne ya isa? Kamfanin Harman, mai JBL da AKG, ya sa masu bincikensa Sean Olive da Todd Welti sun shafe shekaru suna gwada mutane ba tare da sun san wane hedifon suke ji ba. Abin da ya fito shi ne yawancin mutane sun fi son a ɗaga bes da wajen desibel 5 zuwa 6 a ƙasa da Hz 100 a babban hedifon, a iyafis kuma fiye da haka kaɗan. Da suka kasa masu sauraro, wajen kashi 64 cikin ɗari sun gamsu da wannan ma'auni, kashi 15 suna son ƙari, kashi 21 suna son a rage. Son bes ba rashin iya sauraro ba ne ke nan, kuma wanda yake cikin kashi 15 ɗin nan bai yi laifi ba. Abin lura shi ne ɗagawar a ƙasa da 100 aka yi ta, ba a kan murya ba.

A cikin kayan da aka sani, AKG K371 yana bin wannan ma'auni kusa-kusa, yana sauka ƙasa sosai, amma yana da saurin yoyo ga mai tabarau. Audio-Technica ATH-M50x, mai faifan milimita 45, naushinsa ya fi zurfinsa fitowa. Sony WH-1000XM4 yana zuwa da kauri mai yawa daga kwali, wanda ake iya ragewa a manhajarsa. Skullcandy Crusher hanyarsa daban: akwai abin da ke girgiza kofin, da maɓallin ja a ƙara ko a rage. Yana ƙoƙarin maye gurbin abin da hedifon ba zai taɓa bayarwa ba, wato dukan ƙirji da ake ji a gaban manyan lasifikoki, wanda jiki ne ke jin sa ba kunne ba. Wasu suna jin daɗinsa a fim da wasan bidiyo. A waƙa, idan aka ja maɓallin ya wuce kwata, girgizar takan rufe komai.

Mai sayen hedifon mai igiya ya duba lambar ohm, wato ma'aunin yadda hedifon ke turje wa shigar wuta. Waya ko ɗan adaftan USB-C da yawa ba sa wuce bolt 1. A kan ohm 32 wannan ya ba da wajen miliwat 31, a kan ohm 250 kuwa miliwat 4 kacal. Beyerdynamic DT 770 Pro, alal misali, yana zuwa kala uku, 32 da 80 da 250, kuma wanda ya ɗauki na 250 don ya sa a waya zai ji sautin ya yi ƙasa, ganga ba ta da nauyi, sai ya ƙara da amfilifaya, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. Daga ohm 16 zuwa wajen 50 shi ne ya dace da wayar hannu. Na Bluetooth ba shi da wannan damuwa, amfilifayarsa tana cikinsa.

Kafin a sayi sabo, a gwada ikwalaiza, wato saitin ɗaga ko sauke kowane hawa na sauti, domin sau da yawa ita kaɗai ta isa. A wayoyin Android da yawa layuka biyar ne: 60, 230, 910, 3,600 da 14,000. Kuskuren da aka saba shi ne a tura biyun farko sama gaba ɗaya. A ɗaga 60 da desibel 3 ko 4, a sauke 230 da 2, a bar sauran. Sauke 230 ɗin nan shi ke buɗe wa murya hanya, har bes ɗin ya fi fitowa fili. A mai layi goma, a ɗaga 31 da 62, a bar 125 yadda yake, a rage 250. Manhajar Wavelet tana da gyararren saiti na hedifon masu yawa, sunan naka kawai za ka nema. Sai dai ɗagawa tana da farashi: kowane desibel 3 ninki biyu ne na wuta, desibel 6 ninki huɗu. Idan aka ɗaga ba a rage jimillar ƙarar da daidai wannan adadi ba, sautin yana bugun rufi ya fara tsagewa a kan kowace ganga. Idan an rage kuma har yanzu ana jin karkarwa kamar takarda a bakin fanka, faifan ne ya kai iyakarsa, babu saitin da zai gyara shi.

Wurin da ake sauraro ma yana cikin lissafi. Rurin janareta da injin mota da na adaidaita sahu duk sauti ne mai kauri, a unguwa ɗaya suke da bes, don haka shi suke fara cinyewa. Fasahar kashe hayaniya, wadda ake rubutawa ANC, a nan ta fi aiki: makirfo yana ɗaukar rurin, hedifon ya fitar da kishiyarsa su kashe juna. Ba ta iya yi wa surutun mutane da hon sosai, amma ruri mai ɗorewa tana rage shi ƙwarai. Ga mai yawan tafiya a mota, hedifon mai matsakaicin bes da ANC mai kyau zai fi ba shi nauyin kiɗa fiye da mai tulin bes marar ita.

Wannan ya haɗu da lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, yara kuma 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5, 92 awa biyu da rabi a mako guda. Haɗarin mai son bes shi ne idan kayansa ba sa ba shi, sai ya ƙara ƙarar duka don ya cim masa, tsakiya da saman sautin su hau tare, su ne kuma suka fi saurin lahanta ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, waɗanda ba sa sake tsirowa. Kunnen da ke ƙugi ko ya dushe bayan an cire hedifon ya sha fiye da ƙima. Toshewa mai kyau da bes mai zurfi suna sa mutum ya ƙoshi a ƙasa da kashi 60 na ƙarar waya.

Sunayen SBC da AAC da aptX da LDAC da ake tallata Bluetooth da su, wato hanyoyin matse sauti a tura shi daga waya zuwa hedifon, ba su da tasiri sosai a kan bes. Bambancinsu ya fi shafar saman sauti. Asalin fayil ɗin ya fi su muhimmanci. Waƙar da aka naɗa daga lasifika, ko aka yi ta juyawa daga bidiyo zuwa sauti har ta iso memori, idan ta riga ta tsage to a kowane hedifon a tsage za ta fito, mai kyau ma ya fi tona ta.

Ranar saye, ko a Farm Centre ta Kano ne ko a shagon unguwa, a tafi da wayar kai da waƙoƙi uku da aka sani ciki da waje: mai bes na can ƙasa, mai ganga da sauri, da wadda murya ce a gaba. A sauke fayil na gwajin sauti mai Hz 30 da 40 da 60 da 100. A kashe ikwalaiza, a sa ƙara a rabi. A 30 da 40 ya kamata a ji matsi mai santsi a kunne. Idan shiru ne, kayan ba ya sauka, idan kuma wani "brrr" mai kaushi ne ya fito, karkarwa ce take kwaikwayon bes. A waƙa mai sauri a saurara ko kowane bugu yana tsayawa kafin na gaba ya shigo. A ta ukun a tabbata ana jin kowace kalma. A juya kai, a buɗe baki kamar ana tauna, a ga ko bes yana ɓacewa. Idan mai Bluetooth ne na kamfanin da ke da manhaja, kamar Sony ko JBL ko Soundcore, kuma samfurin yana cikin waɗanda manhajar ke ɗauka, a haɗa a gani. Na jabu ba kasafai take gane shi ba.

Idan kuma bes ya gudu daga kayan da a da yake da shi, kafin a ce ya lalace a duba abu huɗu. Filogin da bai shige har ƙarshe ba, ko wayar da ta tsinke a gindinsa, yana sa murya da bes su ɓace tare a bar amo kamar daga rijiya, domin su biyun a tsakiya ake ajiye su, daidai a dama da hagu, sai su kashe juna. Na Bluetooth idan wata manhaja ta kama makirfonsa, yana komawa yanayin kiran waya, sauti ya sirance. A rufe manhajar ko a cire haɗin a sake. Katifar da ta kwanta ko ledarta ta fara ɓarewa ba ta toshewa, kuma a yawancin manyan hedifon ana cire ta a sa sabuwa. Sai 'yar ragar bakin iyafis, wadda dattin kunne da ƙurar hunturu ke liƙewa har gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙara. A cire robar a wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, a bari ta bushe sarai. A kifa bakin iyafis ɗin yana kallon ƙasa, a goge ragar da busasshen buroshin haƙori mai laushi don dattin ya zubo waje. Kada a sa allura ko tsinke, suna huda ragar su tura dattin kan faifan.